Ranar da Na Ci Gwajin Ƙwaƙwalwa

Yayana Sale yana da ciwon da likitoci ke kira bipolaire: wani lokaci zumuɗi ya hana shi barci, wani lokaci ko magana ta gagare shi. Ni ke kai shi asibiti a Garwa a kan babur. Wata Talata likitarsa ta ce tana son gwada ƙwaƙwalwar 'yan'uwan masu ciwon, don wasunsu kan yi 'yar mantuwa ba su sani ba.

Mantuwa? Ni da na san sunan kakan duk wanda ya taɓa shiga shagona, daga Bibemi har Rey Buba?

"Yaya, zauna a bencin nan, yanzu zan fito," na ce masa.

Likitar ta karanto kalmomi goma sha biyar, na mayar mata da su cif. Ta ce in jero lambobi daga ƙarshe zuwa farko, na jero har da gyara hula.

"Très bien, Alhaji!" in ji ta, wato madalla da Faransanci.

Na fito kaina ya kumbura, na buga babur, ban tsaya ko'ina ba sai gida. Ina tsakiyar ba Inna labari ta leƙa bayana.

"To, ina yayan naka?"

Da na koma, yana nan a bencin, maganinsa a cinya, likitar na tsaye kusa da shi.

"Dokta," in ji shi, "da kin sa Sale cikin kalmomin."

Sha biyar ɗin nan dai ko ɗaya ban manta ba, a rubuta. Amma har yau in na ɗauki makullin babur, sai Yaya ya ɗaga hannu: "Alhaji Très Bien, ni ne Sale. A maimaita?"