Ranar da na yi wa surukina ta'aziyyar kwamfuta

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsuguna a zauren surukina a Malikanchi na sanar da mutuwar abin da ransa ƙalau ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni dai ɗan shago gare ni a Makarfi. Ina buga wa mutane takardu, in yi fotokwafi, in tura wa samari karatu da waƙoƙi a memori. Na taɓa yin wani kwas na 'yan watanni a Zariya kan gyaran kwamfuta, tun da na dawo kuwa aka liƙa mini suna Injiniya. Ban taɓa cewa a kira ni haka ba. (Ban kuma taɓa hana kowa ba, in za a bi gaskiya.)

Surukina, mahaifin matata Rabi, tsohon hedimasta ne, Baba muke ce masa. Da ya yi ritaya tsofaffin ɗalibansa suka haɗu suka saya masa kwamfutar tebur, irin mai ƙaton allon nan mai ƙeya. Ba wani aiki yake yi da ita ba, abu ɗaya ne ya sa take da daraja a wurinsa. Kafin matarsa Hajiya ta rasu, ɗansu Nura ya taɓa ɗaukar muryarta a waya tana hira a tsakar gida, ya zuba a kwamfutar. Wayar Nura ta daɗe da ɓata a hanyar Fatakwal, inda yake aiki. Ke nan duk duniya babu inda muryar Hajiya ta rage sai cikin wannan akwati. In an samu wuta Baba yakan kunna ya saurara shi kaɗai.

Ran nan Rabi ta dawo daga ganin gida jikinta a sanyaye. Ta ce kwamfutar ta daina buɗewa, ko an kunna sai baƙin allo da wasu rubuce-rubuce. "Baba bai ce komai ba," in ji ta, "amma na ga ya lulluɓe ta da zanin Hajiya." Ta ce ko zan taimaka in duba.

Nan fa na gyara zama. Na yi mata bayani dalla-dalla, kamar ta tambaye ni, cewa babbar manhajar da ke tuƙa na'urar ce ta lalace, kayan ciki kuwa suna nan. Abin da ake yi shi ne a sa wani faifai na musamman, a tashi kwamfutar daga kansa maimakon daga cikinta, sai a kwashe abin da ake so a zuba a filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. "Ki gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa," na ce, "kafin shayi ya huce na gama." Ita kuwa ta ɗauki waya ta gaya masa haka ɗin, har da zancen shayin.

Ranar Asabar na sa sabuwar shaddata, na ɗaure jakar kayan aiki a bayan mashin, na kama hanyar Ikara. Na isa bayan azahar. Na tarar da Baba a zaure kan tabarma tare da amininsa Malam Yohanna, wanda suka yi koyarwa tare tun suna samari. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya daɗe a Ikara har ya fi ni sanin gonakinta, kuma bakinsa ba ya raina abin tsokana. Na tuɓe takalma tun daga waje, na durƙusa, aka yi ta gaisuwa: gida, iyali, gajiya, damina, mutanen Makarfi ɗaya bayan ɗaya.

"To ga likita ya iso," in ji Malam Yohanna. "Malam, a fito da majinyaciya."

Aka kawo mini kujera da tebur, na ce a'a. Ina ni ina hawa kujera Baba yana ƙasa? Sai aka sauko da kwamfutar kan tabarma, ni kuma na tsuguna a gabanta. Aka kawo fura mai sanyi a kwano aka ajiye gefena, na ce alhamdulillahi na ƙoshi. (Maƙogwarona kamar an shanya shi a rana, amma wa zai ɗaga kwano a gaban surukinsa?)

Babu wutar gwamnati, don haka aka aro ƙaramin janareta a maƙwabta. Wanda ya san ƙauye ya san abin da ke biyo bayan ƙarar janareta. Kafin in gama warware igiyoyi, wayoyin unguwa sun cika soket ɗin, har da masu jiran layi a bakin ƙofa. Ni ma tawa, 'yar raka-ni-kashin nan mai memori, cajinta ya kusa ƙarewa, ga shi babu gurbi. Da na zagaya bayan akwatin ina jona igiyoyi, sai na ga kafar da ake sa filas a buɗe. Na zaro igiyar cajina na soka a nan, na kwantar da wayar a bayan akwatin inda ba mai gani. Har wani daɗi na ji, wai ni mai dabara.

Na yi bisimilla na sa faifai. Ya yi ƙugi, alama ta fito a tsakiyar allo, wasu 'yan ɗigo-ɗigo suka fara tafiya a ƙarƙashinta. Na waiwayo na yi wa dattawan murmushi. Ko da na mayar da kaina, ɗigon sun tsaya cak.

"Tana tunani ne," na ce.

Muka jira ta gama tunani. Na danna wannan, na danna wancan, ko gezau. Na kashe na sake kunnawa, ta zo daidai wurin ta sake sandarewa. Na fito da faifan na huhhura masa iska, na goge da gefen shaddata, na ɗaga shi sama ina dubawa kamar mai duban wata. Na sa wani faifan daban da na zo da shi, shi ma ya kai wurin ya cije. Zufa ta fara bin bayana.

Sai na nemo mai laifi. Na dubi soket ɗin nan na girgiza kai, na ce gaskiya wayoyin nan su ke janye wutar, na'ura irin wannan ba ta son kishiya a layi. Baba ya ce a yi haƙuri a cire. Mutane suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna zare wayoyinsu, wasu ko rabi ba su yi ba. Malam Ado, mai janaretan da kansa, sai da na sa ya cire tasa. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya riƙe da ita a hannu. Na kunna. Ta sandare.

Daga nan na kwance akwatin. Na zaro sandunan ram, wato ƙananan allunan da na'urar ke riƙe aiki da su, na goge bakinsu da magogin fensir kamar yadda aka koya mana. Na tarar da gidan zanzaro a wani lungu, na fito da shi na nuna wa kowa kamar na kamo ɓarawo. Malam Yohanna ya ce, "Madalla, ashe haya ake yi a ciki ba a biya." Aka yi dariya, ni ma na yi, na mayar da komai na ɗaure. Na kunna. Wuri ɗaya, kamar an ja mata layi.

Aka kira la'asar, muka je muka dawo, Malam Yohanna yana gadin majinyaciya. (Abin da na roƙa a sujadar nan, ni da Ubangijina ne kawai.) Malam Ado ya ce man janareta ya kusa ƙarewa. Ƙafafuna sun mutu murus saboda tsuguno. Baba tun da aka fara tasbaharsa kawai yake ja, amma duk lokacin da na kunna sai ya ɗan matso ya ƙura wa allon ido. Wannan matsowar ta fi komai damuna.

Abin da ya kamata in ce a nan ba shi da wuya: Baba, abin ya fi ƙarfina, a bar ni in kai wa waɗanda suka fi ni. Amma ga mutane a ƙofa, ga zancen shayi da aka riga aka isar. Sai na sunkuyar da kai, na sassauta murya irin ta masu kawo mugun labari, na ce, "Baba, sai dai haƙuri. Ta riga ta tafi."

Ya daina jan tasbaha. "Har da abin da ke ciki?"

Wallahi ban sani ba. Ban da wata hujja ko ɗaya. Amma bakina ya riga ni, na ce, "Har da shi, Baba."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, ya cire tabarau ya riƙe a hannu yana kallon tabarma. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba sai ranar jana'izar Hajiya. Malam Yohanna, da duk tsokanarsa, ya dafa masa gwiwa ya ce, "Malam, Allah ya ba da haƙuri. Ai mu da muka san ta muna jin ta a kunnenmu." Zauren ya yi tsit, sai ƙarar janareta daga waje. Na ji tausayin tsohon nan har cikin raina, na kuma ji na tsani kaina.

A cikin wannan shirun ne waƙa ta ɓarke daga bayan akwatin. Waƙar soyayya ce, irin mai zaƙin muryar nan, wadda na ware wa kiran Rabi ita kaɗai. Kun san ƙarar waɗannan ƙananan wayoyin, ana iya jin su daga gona. A zauren mahaifinta, ana tsakiyar zaman makoki. Na zabura zan miƙe, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Na tafi gefe guda, gwiwar hannuna ta daki kwanon furar da na ce na ƙoshi, ta malale a kan sabuwar shadda. Da rarrafe na kai hannu na fizge wayar daga jikin kwamfutar, ina ta dannawa ta ƙi yin shiru.

Ina cikin wannan kokawa na ji Malam Yohanna ya ce, "Injiniya, gawar taka fa tana motsi."

Na ɗago. Ɗigon nan suna tafiya abinsu. Faifai ya yi ƙugi, allo ya yi haske, komai ya buɗe tas. A take na gane abin da ya faru. Tsohuwar na'urar ta ga memorin wayata ta ɗauka wani ma'aji ne aka jona mata, ta tsaya jiran ya amsa, shi kuwa bai san ana yi ba. Tun azahar ba abin da take jira sai in cire wayata.

Kowa ya ga igiyar a hannuna. Daga bakin ƙofa Malam Ado ya duba tasa wayar, ya dubi tawa, ya ce, "Ikon Allah. Ashe kishiyar a ɗaka take."

Baba ya mayar da tabaransa ya dube ni ya ce, "Me ka taɓa, Malam?" Ina jin ƙofa ya buɗe mini in fita da sauran mutuncina, in ce wata dabara ce ta masu sana'a. Fura tana ɗiga daga hannun rigata na ce, "Wayata ce, Baba. Ni na jona ta tun farko. Ita ta hana."

Sai ya ce, "To duba mana ko tana nan."

Tana nan. Nan da nan na fara kwafe ta a filas kafin man ya ƙare, sannan na kunna. Sai ga muryar Hajiya ta cika zauren, da ƙarar turmi a bayanta da kukan kaji. Ba wata magana mai nauyi take yi ba. Faɗa take wa wani ya kori awaki daga kan shanyar barkono, sai ta yi dariya ta ce, "Kai Nura, me kake ɗauka? Kashe abin nan ka je ka kira Malam, tuwonsa zai huce." Baba ya rufe ido. Malam Yohanna ya juya fuska wajen bango yana gyaran murya. Ba wanda ya ƙara tuna ni da furata, na kuwa gode wa Allah.

Da ta ƙare Baba ya ce a mayar wa mutane wayoyinsu a soket, a fara da ta Malam Ado. Sannan ya dube ni ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka dawo mini da ita." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, don ni na san wanda ya ɗauke ta tun farko. A ciki na ce amin.

Abin da na koya a ranar, "ban sani ba" ba ta kashe kowa, amma "sai dai haƙuri" tana iya sa dattijo ya binne matarsa sau biyu. Yanzu duk na'urar da ta sandare a hannuna, kafin in yi wa mai ita ta'aziyya sai na zagaya baya na tabbatar ba ni ne na shaƙe mamaciyar ba.