Rasuwar Dulcie, da Roƙo ga Mai Koriyar Mota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Thwaite na ƙauyen Keldbeck suke sanar da rasuwar abar ƙaunarsu Dulcie, jar mota mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda ta cika ranar Talata a garejin Dougie bakanike.

An haife ta jim kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ko sukari sai an auna wa mutum. Ta yi wa tsoho Thwaite hidima, bayansa ta koma hannun ɗansa Clement, mai kiwon zuma, tuzurun da ya fi sabawa da ƙudan zuma a kan mutane. Marigayiya ba ta da riƙo. In aka rufe mata sama, ruwa ya zubo ta tsakiya. In aka buɗe, ya zubo ta ko'ina. Kowace safiya sai ta yi "ƙyar-ƙyar-ƙyar... tuf!" kafin ta yarda ta tashi, kuma har ta koma ba ta taɓa taka tunkiya ba.

Gishirin da ake watsa wa hanya lokacin ƙanƙara ne ya ci ta a hankali. Da Dougie ya leƙa ƙarƙashinta, sai ya cire hula. "Maigida, haƙuri za ka yi. Fenti ne kaɗai ke rufa mata asiri."

Ta bar fitilu biyu masu rai, sitiyarin katako, da hon mai muryar agwagwa. Ta kuma bar Clement, wanda ya fi kowa jin rashinta.

Kowa ya san masu irin waɗannan motoci ba sa wuce juna a hanya sai sun ɗaga hannu. To, shekara da shekaru, kowace Lahadi, a kan gadar dutse ta hanyar tudu, Dulcie takan yi kiciɓis da wata koriyar mota, cikinta wata baiwar Allah mai ɗankwali ruwan ɗorawa. Ita ta ɗaga, shi ya ɗaga. Wayyo, wannan hannu! Da shi Clement yake cin sauran kwanakin mako.

Makon jiya, Dulcie na kwance a gareji, ya ari motar ƙanwarsa Beryl, ya bi hanyar, ya yi ta kaɗa hannu ta taga har hularsa ta faɗi. Mai ɗankwali ko kallo. Wa zai gaida motar cefane?

"Yaya, kai ma dai!" in ji Beryl. "Furfura ta cika maka kai kana ɗaga wa mace hannu kamar ɗan sandan hanya, ko sunanta ba ka sani ba. Ashe duk tsawon nan motar take gaisarwa!"

Tun ranar bai leƙa amyoyinsa ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi. Dougie zai ɗora gawar a bayan motar janwe, rufi a buɗe, Clement a zaune a kujerarsa ko ana ruwa, a bi hanyar tudu a hankali. 'Yan ƙungiyar tsofaffin motoci da suka soma ta'aziyya ido na kan fitilu, ana roƙonsu su bar sifana a aljihu har a sha shayi a gidan Beryl.

Ayarin zai tsaya a gadar dutse. Ga baiwar Allah mai koriyar mota, idan wannan sanarwa ta iske ta: wannan ce fitar Dulcie ta ƙarshe, kuma mai makokin ba shi da wata hanyar da za a gane shi bayanta. Iyalai suna roƙon alfarma, wannan karon kada ta ɗaga hannu. Ta taka birki.