Yadda Za Ka Zama Na Biyar a Ƙungiya Ba Tare da Ka Yi Gumi Ba

Gaetan Morvan ya ci amanar garinmu. Shekara huɗu yana ci, muna tafa masa. Tunda na ga samari na sha'awar hanyarsa, ga ta dalla-dalla. Ka bi ta, na yi maka alkawari za ka sa rigar ƙungiya, ka zaga Faransa a motarta, zufa ba ta jiƙa maka hammata ba.

Mataki na 1: San doka

Gasar ƙungiyoyi zango biyar ce a shekara, kowanne iyo, keke, gudu, a jere ba hutu. Ƙungiya na sa mutum biyar, amma ukun da suka fara isowa kaɗai ake ƙirgawa. Ƙungiyoyin da suka ƙare shekara a ƙasa sai su faɗa rukuni na biyu. To kai ka zama na biyar. Ɗan rakiya ba ya ɗaukar kaya.

Mataki na 2: Fi kowa shiri

Aske gashin ƙafa. Goge keke har ka ga fuskarka. Sannan ka ci. Solange, tsohuwar da ta yi shekara talatin tana toya wa 'yan wasanmu fanke, ita ke loda wa Gaetan faranti.

"Ci, ɗana, ku ne mutuncin garin nan."

"Iya, ƙara cuku. Gobe akwai yaƙi."

Mataki na 3: Laɓe

A kan keke na gaba ne ke shan iska, na baya hutawa yake. Manne wa tayar wani kamar kaska. Abokin wasansa Loic ya sha waiwayowa yana haki.

"Gaetan, shigo gaba mana! Ko gadon tayata aka bar maka?"

"Tanadin ƙarfi nake, ɗan uwa."

Shekara huɗu yana tanadi. Ba wanda ya taɓa ganin rumbun.

Mataki na 4: Ajiye uzuri

Jijiya, ciki, sanyin ruwa. Kada ka maimaita ɗaya sau biyu a jere. Idan ka iso na saba'in, riƙe cinya kafin koci ya hango ka.

Mataki na 5: Yi addu'a kada komai ya sami abokanka

Nan Gaetan ya yi sake. Zangon ƙarshe ne, a bakin teku, ƙungiyarmu na gab da faɗawa. Mutum uku kawai muke bukata su ƙarasa. A ruwa aka shuri ɗaya a hanci, ya fita yana jini. A zagayen farko sarƙar keken wani ta tsinke. Koci Yannick ya biyo shingen bakin hanya a guje.

"Gaetan! Kai ne na uku! Ƙarasa kawai, ko da rarrafe!"

Gaetan ya duba gaba, ba taya. Iskar teku ta tarwatsa ayarin baya, ta bar shi shi kaɗai da ƙafafun da ba su taɓa aiki ba. Ga doka kuma: wanda na gaba suka kewayo suka cim masa, an fitar da shi. A zagaye na shida suka wuce shi kamar yana tsaye. Alƙalin wasa ya matso a babur, ya busa usur.

"Sauka."

"Yallaɓai, jijiya ce ta..."

"Sauka ka yi mata tausa a gefe."

Mutum biyu muka ƙarasa da su. Muka faɗa rukuni na biyu. A motar komawa Solange ta raba fanke layi-layi, ta zo kansa ta wuce.

"Iya, ni fa?"

"Ukun farko ake ƙirgawa, ɗana."

Gargaɗi

Ni hanya na nuna, ban ɗora kowa a kanta ba. Wanda ya bi ta sarƙar abokinsa ta tsinke, kada ya ƙwanƙwasa min ƙofa.

Gaetan kuwa, an karɓe rigar, an karɓe keken. Yanzu shi ke shiga ruwan sanyi yana ɗaure tutocin gasar yara, kowace Asabar, shi kaɗai.