Maiwar Burahima Ta Fi Raƙumi Tsawo

"Ni Burahima, bana zan koya wa mutanen Gure noma!" Haka ya faɗa a bakin shagonsa, yana dukan ƙirji.

Abokina, mutumin nan fa ɗan tireda ne, saninsa da hatsi bai wuce tuwo a akushi ba. Sari ya kai shi Zariya, ya ga zangarniyar maiwa dirkekiya, shi ke nan kai ya kumbura. Ya dawo da buhun iri yana tafiyar agwagwa.

Fannami, maƙwabcin gonarsa a hanyar Gidigir, ya duba irin ya ce, "Malam Burahima, wannan da doguwar damina ta saba. Ruwanmu kuwa baƙo ne, da ya gaisa sai ya tafi."

"Iri shi ne komai! Ɗan dogo dogo ne ko a tulu aka raine shi. Kai dai ci gaba da shuka wadan hatsinka."

Sakaran bai tsaya nan ba. Ya sa matarsa Yabawa ta surfe irin gidan kaf, wanda ta gada wajen uwarta, aka yi fura aka shanye. Ta ce, "Maigida, in wannan ta ƙi, me za mu ci?" Ya ce ƙauyanci ke damunta.

Maiwa kuwa ta tashi! Ta wuce mutum, ta wuce raƙumi. Gogan naka ya tsaya gindinta, ana ta ɗaukarsa hoto. Hatsin Fannami ya yi ido, ya nuna, aka girbe. Ta Burahima har yanzu ganye take yi.

"Manya ba sa gaggawa," in ji shi.

Ruwa ya ɗauke. Manya suka bushe a tsaye, ko ƙwayar da tsuntsu zai tsattsaga babu. Rumbu wayam, Yabawa ta shiga bin gidajen ƴan'uwanta da ƙwarya.

Ka ce ya daddara? Ina! "Na gano! Ashe ƙasa ce komai. Wannan yashin ne ya cuce ni." Wallahi kamyo guda, babbar motar kaya, ya sa aka ciko da baƙar ƙasar Zariya, aka juye masa a gonarsa da ke kan tudu. Da damina ta zagayo, ruwan farko ya zo da ƙarfi, ya kwashe ta tas ya gangara da ita gonar Fannami. Wadan hatsi ya samu taki, ya yi yabanyar da bai taɓa yi ba. Burahima mai koya wa mutanen Gure noma kuwa ya sake girbe kara.

Rannan yana majalisa a ƙofar gida, yana bayanin cewa bakin mutane ne ya kama shuka, sai ga Yabawa da akushi a rufe. Ta dire gabansa, ta russuna. Ya gyara zama, ya ce wa jama'a, "Bismillah, ku matso." Ya buɗe. Karan maiwa ne, an yayyanka shi gunduwa-gunduwa.

"Ci mana, Maigida," in ji ta. "Iri na ƙwarai, ƙasa ta ƙwarai. In kamyon zai koma, ka ce su auno mana hadarin Zariya a buhu, sai in yi maka miya."