Murfin Nomau

A wani daji da ke kwance tsakanin duwatsu da wani babban kogi, an yi zamanin da kowace dabba ta ƙudura sai ta mallaki rumbunta na kanta. A da rumbu ɗaya ne na gayya, kowa ya kawo hatsinsa ya bi layi. Da aka gano yadda ake gina ƙanana, sai abin ya zama yayi. Kurege na da nasa, bushiya na da nata, har ɓeran da bai taɓa ajiye komai ba ya saya ya kafa a bakin raminsa don a gani.

Masu ginin su biyu ne. Akwai Magajiya Yalwa, giwa, wadda gara ke yi mata aiki a kan tudu, akwai kuma Tabawa, dorina, mai gini da yumɓun bakin kogi. Ko gaisawa ba sa yi. Rumbunansu duka suna da kyau, amma aibinsu ɗaya ne: murfin da ake haɗawa da su yana yoyo. Damina na sauka, gero ya fara tsiro a ciki.

Ana haka sai Allah ya ɗaga wani kabare, tsuntsun nan mai saƙa sheƙa, mai suna Nomau. Ya ƙago wani ƙulli da yake saƙa shuci da shi, ya yi murfin da ko ruwa ya wuni yana zuba kamar da bakin ƙwarya, a buɗe a tarar da hatsi a bushe. Kan ka ce me, layi ya kai daga gindin reshensa har bakin kasuwa. Nomau ba mai kwaɗayi ba ne. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga murfinsa a kan kowane rumbu na dajin. Sai dai baki ɗaya Allah ya ba shi, rumbuna kuwa sun fi gaban ƙirga. Kuma, kamar yawancin gwanaye, yana da ɗan rauni wajen yabo.

Tabawa ce ta fara aiko masa cewa tana son su yi magana. Bai gama tunanin amsa ba sai ga gayyatar Magajiya.

Nomau ya tashi ya nufi tudun Magajiya. Rumbuna ne jere reras har inda ido ya gaza, gara na hawa suna sauka a jikinsu ba ƙara ba hayaniya, kowace ta san inda za ta ajiye 'yar lakarta. Shi da ya saba da reshe ɗaya, sai ya ga kamar an buɗe masa wata duniya. Sannan ƙasa ta motsa, inuwa ta rufe shi, ya ɗaga kai har wuyansa ya yi zafi kafin ya ga idon Magajiya.

Ta ɗauki murfinsa da hancinta, hancin da ke tuge itacen marke, ta juya shi a hankali ko tsinke bai motsa ba.

"Malam Nomau," in ji ta, "kana fara karkata shucin hagu kafin ka mayar da shi dama, sannan ka bar bakinsa yana kallon ƙasa. Shi ya sa ruwa ke rasa wurin tsayawa. Ko na yi kuskure?"

Hawaye ya cika idon Nomau. Duk masu sayen murfinsa ba wanda ya taɓa lura da wannan, ko matarsa.

"Ranki ya daɗe, wallahi haka ne," in ji shi.

"To, aiki irin wannan ya fi ƙarfin reshe ɗaya. Ka sayar mini da saƙar. Zan ba ka reshe mafi tsawo a kukar gidana, abincinka da na iyalinka na kaina har ƙarshen rai, kuma za a riƙa kiran ka Sarkin Saƙa. Ka huta, ka yi wa daji aiki."

A dajin nan akwai al'ada. Duk wanda zai sayar da sana'arsa, sai ya tsaya gaban majalisar kasuwa ya karya tsinke gida biyu. Daga ranar ba shi ba yin aikin, ba shi ba koya wa wani, sai da izinin wanda ya saya. Wanda ya saɓa, a fige shi a kore shi da iyalinsa.

Ranar karya tsinke, wata tsohuwar bushiya, Iya Kulu, wadda ita ce ta fara sayen murfinsa, ta ja shi gefe.

"Ɗan nan, ka tambaye ta yaushe za a fara saƙar?"

Nomau ya yi dariya. "Haba Iya! Wadda ta san ƙullina fiye da ni? Wa zai sayi saƙa ya ƙi saƙawa?"

Gauraka, sarkin kasuwa, ya miƙa masa tsinke, ya karya, aka yi ta guɗa.

Ya hau reshensa yana jiran a kira shi ya koyar. Daga can sama yana hango dukan dajin, kullum abin na ba shi mamaki. Ya ga an bi kasuwa an kwashe sauran murafensa. Ya ga sababbin rumbuna sun fito da baki mai ɗan faɗi, yadda tsohon murfinsa ba zai zauna a kansu ba. Ya ce a ransa, lallai wani gagarumin shiri ake yi. Sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba wanda ya kira shi, sannan ya sauka.

"Ranki ya daɗe, damina ta ƙarato. Yaushe za mu fara?"

Magajiya ta dube shi da tausayi na gaskiya, ko aƙalla wanda ya yi kama da shi.

"Sarkin Saƙa, zauna ka ji. Murfinka ya fi nawa, ban taɓa musun haka ba. Da Tabawa ta same shi ta ɗora a kan rumbunanta, da kafin kaka ba wanda zai hawo tudun nan. Yanzu ba za ta same shi ba, buƙatata ta biya ke nan. In kuma na ɗora shi a kan nawa, rumbu zai daɗe bai lalace ba, wa zai dawo sayen sabo? Dubi garar nan, duk a kaina suke ci. Ban ƙwace maka komai ba, ban yi maka ƙarya ba. Ka tuna da kyau, na taɓa cewa zan saƙa?"

Nomau ya tuna, lallai ba ta taɓa faɗa ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, ko a lokacin, bai daina ganin girmanta ba. Yadda shi yake ganin ƙulli tun kafin ya ɗauki shuci, haka ita take ganin shekaru tun kafin su zo. Ya ji tsoro, ya ji baƙin ciki, ya kuma ji kamar ya faɗi ya gaishe ta.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Wata safiya Iya Kulu ta zo gindin kuka, jiƙe sharkaf, da damin shuci a bayanta. Tsohon rumbunta ya rushe, sabon da ta saya kuma ya jiƙa mata gero.

"Ɗan nan, guda ɗaya tak. Jikokina ba su da abin kaiwa baki in sauran ya ruɓe."

Nomau ya sauko. Ya ɗauki shuci ɗaya, kafin ya ankara bakinsa ya karkata shi hagu da kansa. Sai ya ji gyaran murya. Gauraka ne tsaye a inuwa, yana gyara tukkunsa, kamar wucewa kawai yake yi. A sama kuma 'ya'yan Nomau sun leƙo da kawunansu daga sheƙa.

Ya ajiye shucin a hankali a gaban tsohuwar.

"Iya, ki yafe ni."

Ta mayar da shucin cikin sauran. Ta ɗaure daminta ta juya cikin ruwan.

Da kaka ta yi, majalisa ta zauna, Gauraka ya sanar da cewa tun da aka kafa kasuwar ba a taɓa samun zaman lafiya a sashen murfi irin na bana ba.