Fankar da Na Ɗaura a Baibai

Ni da bakina na yi wa ma'aikatan ɗakin bincikenmu na Kafanchan lacca a kan iskar radon. Na ce musu ba ta da wari, ba ta da launi, amma in ta taru a ɗaki tana yi wa huhu illa a hankali. Don haka duk kwalbar ruwan rijiyar da muka ɗebo daga Madakiya, tunda ruwan na ɗauke da radon, sai a gaban fankar bango mai zuƙe iska waje za a buɗe ta. Da aka ce a kira mai gyaran wuta ya ɗaura fankar, na ce haba, ga mai digiri biyu a tsaye?

Na ɗaura da hannuna. Sati uku ana yabona, wai ɗakin ya yi sanyi. Lambar da na'urar awon radon ke nunawa ta yi ta hawa, ni kuwa na rubuta wa shugaban sashe cewa jabu aka sayo mana.

Ran nan Mama Saratu mai shara ta tsaya gaban fankar, ɗankwalinta na kaɗowa cikin ɗaki.

"Oga, wannan fanka naka, yana fitar da iska ne ko yana hura mana?"

Aka fitar da kowa, aka buɗe tagogi, aka kira mai gyaran wutar nan. Minti biyar ya juya ta.

Har yau, da zafi ya tsananta a coci, sai wani ya taɓo ni: "Injiniya, taimaka ka ɗan hura mana radon."