Rasuwar Zanen Rajistar Shanu

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, Murjanatu Adnan ta unguwar Dutse Uku, mai tsara rumbun bayanai a kwamfuta, tana sanar da rasuwar zanenta, wanda ya cika ranar Talata da hantsi yana da wata takwas a duniya.

An haifi marigayin a manhajar zane, domin wata ƙungiyar makiyaya da ke son rajistar shanunta. Akwatuna goma sha huɗu ne da layukan da suka haɗa su: akwatin saniya, na uwarta, na rugar da take kwana, na allurar rigakafi. Babban halinsa na kirki shi ne ya san mai saniya daban, mai kiwonta daban. Sai da Murjanatu ta taka ruga shida kafin ta gane haka. Yawancin shanun nan ba na masu kora su ba ne, na matan gari ne, masu ɗinki da masu tuyar awara, da suka sayi karsana suka ba da kiwo, ba takarda sai amana. Marigayin ya ba kowace mace layinta. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai ɗan ƙyas ɗin nan idan layi ya kama akwati.

Jinyarsa gajeriya ce. Oga Sharafaddeen, shugaban ofis, wanda takalminsa bai taɓa taka kashin shanu ba, ya ce zanen ya yi kama da saƙar gizo-gizo, ba zai shiga takarda ɗaya ba, ga baƙi na tafe daga Abuja. A ranar, Murjanatu ta je suna unguwar Nasarawa Gwom. Kafin ta dawo ya haɗe akwatin mai saniya da na makiyayi, ya goge layukan, ya adana a kan na asali. Wai gyara ya yi. Gyara fa! A kan gawar aka gina rajistar, baƙi suka tafa, aka buga hatimi.

Ya rasu ya bar Murjanatu, wadda takaici ya hana ta cin abinci, da wani hotonsa dishi-dishi a wayarta. Ya bar Inna Aisatu mai ɗinki, wadda rajista ta mayar da jar saniyarta ta makiyayinta, makiyayin kuwa ya rasu da damina, ’ya’yansa suna shirin rabon gado da rajistar a hannu. Oga yana nan lafiya, har ya ƙara ƙiba.

Za a yi jana’iza ranar Juma’a bayan la’asar, a kwandon shara na kwamfutar ofis. Ba sadakar uku, ba ta bakwai, kuma an yafe wa Oga zuwa. Masu ta’aziyya kada su tsaya wajen Murjanatu, su wuce unguwar Congo-Russia gidan Inna Aisatu. Amma don Allah su kama bakinsu, domin har yanzu ba wanda ya iya gaya mata.